Kibiyar arewa da banɗakunan gidan Alhaji

Da sassafe na isa filin a Tumfure da zane a naɗe a hammata. Magina sun riga ni zuwa, har sun kafa fegi sun fara jan igiya. Shugabansu dattijo ne, Baba muke ce masa, ya daɗe yana ɗora bulo tsakanin Gombe da Bajoga. Ya karɓi takardar ya shimfiɗa a kan bulo biyu, ya danne gefenta da dutse saboda iska, ya yi shiru yana kallo. Can sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya sake sunkuyawa.

"Injiniya, matso ka gani. Wanda ya zauna a banɗakin uwargida, ina ya fuskanta?"

"Arewa, Baba. Ga kibiya nan a kusurwa."

"Kibiyarka ce ta ce arewa. Ni kuwa a filin nan na yi sallar azahar jiya, ga inda na kalla." Ya miƙa hannu tare da tsawon igiyar. "In na gina yadda ka zana, ɗana, wannan ya fuskanci alƙibla, na ɗaya sashen kuma ya ba ta baya."

Gabana ya faɗi, domin kafin ya rufe baki na tuna abin da na yi.

Ni mai zanen gini ne, a Bauchi na yi karatu, da AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, nake cin abinci. Alhajin da ya ba ni aikin matansa biyu, filinsa ƙafa 50 da 100, kuma sharaɗinsa na farko shi ne kada sashen ɗaya ya fi na ɗaya ko da taku guda. Sai na zana sashe ɗaya na kammala shi tsaf, na yi amfani da umarnin MIRROR, mai kwafo abu a juye kamar a madubi, na fito da ɗan'uwansa a ɗaya gefen tsakar gida. Adalci ya samu, sai dai duk abin da ya kalli gaba a sashen farko, a na biyu baya yake kallo.

Asalin ɓarnar tun daga fayil ɗin safiyo ta faro. Filin a karkace yake, bai bi arewa da kudu ba, kamar yawancin filayen sabbin unguwanni da suke bin titi duk inda ya lanƙwasa. Zane a karkace yana da wahala, domin maɓallin F8 da ke miƙar da layi sama da ƙasa da gefe kawai ya sani. Don haka na zaɓi iyakar filin gaba ɗaya na juya ta da ROTATE har ta tsaya cak a allon. Kibiyar arewa kuwa tana cikin takardar da nake ɗora kowane zane a kai, kullum sama take kallo, ban taɓa ta ba. Daga ranar, duk abin da na ɗauka arewa ne, arewa maso gabas ne, kusan daidai da alƙibla. Na san akwai malaman da suka sassauta kan fuskantar alƙibla a banɗaki idan a cikin gini ne, amma ban taɓa haɗuwa da maigidan da zai yarda a kafa masa masai haka yana sane ba, ni ma ba zan yarda a gidana ba.

Allah Ya taimaka ba a haƙa fandisho ba. Na koma na mayar da mazaunin kowane masai jikin bangon gefe, na matsar da ƙofa da bututu. Aikin dare ɗaya ne a kwamfuta. Da an zuba kankare an binne bututun, da fasa daɓe za a yi.

Tun daga nan ban ƙara juya fili ba. Allon nake juyawa. Ka rubuta UCS, ka zaɓi Object, ka taɓa layin iyakar da ke fuskantar titi, sannan ka rubuta PLAN ka amsa da Current. Za ka ga filin ya miƙe a gabanka, F8 yana bin gefensa, alhali a ƙasa bai motsa ba. Duk sadda kake son ganin gaskiyar zamansa, UCS, World, PLAN, ya dawo a karkacensa. Kibiyar arewa kuma ita nake fara zanawa kafin kowane bango, a leya (rukunin layuka) ɗaya da iyakar fili, in kulle leyar. Kusa da ita ina ƙara ta biyu, ta alƙibla. Daga Gombe alƙibla tana wajen digiri 64 daga arewa ka karkato gabas, daga Bauchi wajen 65. A nan akwai wani tarko. AutoCAD daga gabas yake fara ƙirga kusurwa, yana tafiya saɓanin hannun agogo, safiyo kuwa daga arewa yake farawa yana bin hannun agogo. Saboda haka 64 ɗin safiyo, 26 ne a wurin AutoCAD. In kuma takarda kawai safiyo ya ba ka, da tsawo da kusurwar kowane gefe, shiga UNITS ka danna Clockwise, ka sa Direction ya zama North, sai ka riƙa shigar da lambobinsa yadda ya rubuta. Idan ka zagayo layin ƙarshe bai haɗu da na farko ba, kada ka ja shi da hannu ka liƙa. Kira safiyon. Wannan ɗan giɓin ne yake zama rigimar katanga da maƙwabci bayan shekara biyu.

Fayil ɗin safiyo yana da wata halayyar da ke firgita sabon shiga. Shi da mita yake aiki, mu da milimita. Ka shigo da filinsa cikin zanenka, ka yi ZOOM Extents, ka ga allo wayam, ko wani ɗigo a can kusurwa. Filin yana nan, ya ƙanƙance sau 1000 ne, kuma yana zaune a kan lambobin taswira masu tsawo, na gabas shida na arewa bakwai, nesa da inda kake zane. Abin da nake yi, in ajiye fayil ɗinsa yadda ya zo ban taɓa ba, in kwafi iyakar, in ɗauke ta da MOVE in ɗora turke ɗaya a kan 0,0, wato mafarin awo a allon, sannan in yi SCALE da 1000. Zane idan ya yi nisa sosai da 0,0 yakan fara wasu halaye, cikon HATCH ya wargaje, layi ya ƙi kama ɗan'uwansa daidai.

Bayan alƙibla, abin da ya fi jawo mini magana da masu gida shi ne "sha biyu sha biyu". Alhaji da ƙafa yake lissafi, Baba da bulo, ni da milimita, kuma dukanmu ɗaki ɗaya muke nufi. Ƙafa 12 milimita 3658 ce, mukan ce 3660. To daga ina zuwa ina? Idan ka auna 3600 daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango, kuma bulon inci tara ne mai kaurin 225, abin da ya rage a ciki 3375 ne, filasta ta sake cin nata gefe da gefe. Ɗakin ya koma ƙafa 11. Ranar jere za a gane, sadda dangin amarya suka shigo da gado da wadirof da madubi ƙofa ta ƙi buɗewa. Ni yanzu awon ciki nake rubutawa, daga fuskar bulo zuwa fuskar bulo, kuma a DIMSTYLE ina kunna Alternate Units domin kowane awo ya fito da milimita da ƙafa tare. Maigida ya karanta nasa, magini ya ja tef ɗinsa. Masu Revit, wata manhajar zanen gini, su ma su lura, bangon da ke zuwa da manhajar mai kaurin 200 ba bulonmu ba ne. A kwafe shi a yi na 225 da na 150 tun kafin a ja layin farko, in ba haka ba duk lissafin bulo da siminti da za a ciro daga zanen zai zo da kuskure.

Bugawa ma ta taɓa ba ni kunya. Fili mai tsawon ƙafa 100 mita 30.48 ne, a ma'aunin 1:100 yana cin milimita 305 na takarda. A4 kuwa tsawonta 297. Milimita takwas kacal suka hana shi shiga, sai yaron shagon buga takardu ya danna Fit to paper don ya taimake ni, zanen ya fito fes amma ma'auninsa ya tashi daga aiki. Wani birkila ya ɗora rula a kai don ya ciro faɗin baranda da na manta ban rubuta ba, aka samu saɓani. Laifina ne ta fuska biyu. Yanzu ba na kai DWG, wato fayil ɗin AutoCAD, shago. A gida nake fitar da PDF a kan A3, mai 420 da 297, da monochrome.ctb domin layin rawaya kada ya ɓace a farar takarda, in tsaya a kan mai bugawa har ya zaɓi Actual size. Idan ta fito, nakan ɗora rula a kan bangon da na san mita 3 ne. In ban ga santimita 3 ba, ba na biya sai an sake.

Sai maganar wuta. Batirin kwamfutata ya daɗe da gajiya, in aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareto ta mutu. AutoCAD yana ajiye wa kansa kwafi duk minti 10, ni na mayar da SAVETIME zuwa 5. Idan ka sake kunnawa, rubuta DRAWINGRECOVERY ka ga abin da ya tsira. In bai nuna komai ba, nemi fayil mai ƙarewa da .sv$ a jakar Temp, ko mai .bak a gefen zanenka, ka kwafe shi ka canja ƙarshen sunan zuwa .dwg. Sai ka fara sa Windows ta nuna ƙarshen sunayen fayiloli, in ba haka ba kana canjawa ba abin da zai canja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wannan kwafin na .sv$ gogewa yake idan ka rufe manhajar da hannunka. Wanda ya danna No da kuskure sadda aka tambaye shi ko zai ajiye, ba ruwan kwafin da shi. Zanen da ya ƙi buɗewa sam, a gwada RECOVER. Wanda ya yi nauyi yana jan ƙafa, AUDIT da PURGE da OVERKILL sukan sauke masa kaya.

Filashin abokan aiki kuma a yi hattara da shi. In ka ga acad.lsp ko acaddoc.lsp a jakar zanen da aka ba ka, kuma ba wanda ya ce shi ya sa, goge shi kafin ka buɗe zanen, ta nan wata cuta take yaɗuwa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Idan injiniyan da zai yi lissafin rodi tsohon AutoCAD gare shi, yi masa Save As zuwa tsarin 2013 ko 2010. Revit ba ya komawa baya ko kaɗan, wanda aka ajiye a sabo ba zai buɗu a tsoho ba, don haka a yi wannan maganar ranar da aka ƙulla aiki.

Manhajar SketchUp nake ɗauka in zan nuna wa maigida gidansa a tsaye, domin mutane kaɗan ne suke iya ganin ɗaki a cikin layuka. A nan ne Alhaji ya ga cewa wanda ya zauna a falonsa, in aka buɗe ƙofa, idonsa zai faɗa tsakar gida kai tsaye. Ya ce, "Malam, wannan ba zai yiwu ba, baƙo ya riƙa ganin iyali." Muka karya hanyar da ɗan soro. Manhajar ba ta san zaure ba, ba ta san shigifa ba, kujerun da bishiyoyin da ake saukowa da su daga rumbunta na intanet, 3D Warehouse, kuma nauyi kawai suke ƙara wa fayil, sai ka shiga Model Info ka danna Purge Unused. Inuwa ce amfaninta babba a wurina, amma sai ka gaya mata inda kake. In ba ka sa mata wuri ba, ranar garin Boulder na Amurka take haska maka. Da na sa mata Gombe na ga abin da littattafan da aka rubuta don ƙasashen Turai ba sa faɗa, wato daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi, bangon arewa ma yana shan ta. Bangon yamma kuwa duk shekara yana gasuwa daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Shi ya sa a gidan Alhaji na tura sito da banɗakuna wancan gefen, ɗakunan kwana suka samu baranda a gabansu.

Bayan kwana biyu na koma Tumfure da sabon zane. Baba ya shimfiɗa shi a kan bulon nan biyu, ya juya takardar a hankali har kibiyar alƙibla ta daidaita da inda ya yi salla, ya bi banɗakunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙe ya kira leburori, ya ce a kawo diga a fara haƙa daga kusurwar titi.