Godiya bayan fitowar sakamakon sikanin ɗin hantata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, sakamakon sikanin ɗin da aka yi mini a makon nan ya fito, likita ta ce kitsen da ya mamaye hantata ya ja baya ƙwarai. Da yawanku kun san an yi mini tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake cire kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi. Amma ba teɓar ce ta hana ni barci ba, hantar ce. Ba ciwo, ba wata alama, sai a binciken share fagen tiyata aka gano. Da zarar kitse ya haura kashi 5 cikin 100 na hanta likitoci ke cewa akwai matsala, ni kuwa tawa ta daɗe da wuce nan.

Bayan Allah, zan fara da baiwar Allahn da ke ɗaukar sikanin. A zuwana na farko ta sha wuya da ni, don kitsen ciki yana tare sautin da na'urar ke turawa. Ta shafa man nan mai sanyi, ta danna nan ta danna can tsakanin haƙarƙari, tana cewa, "Hajiya, ja numfashi ki riƙe." Ba ta ƙosa ba. Da ta samu abin da take nema sai ta juyo mini da fuskar na'urar, ta nuna hanta da ƙodar dama gefe da gefe. Ta ce a mai lafiya haskensu kusan ɗaya ne. Tawa hantar ta yi fari fat, ƙodar ta yi duhu a gefenta, jijiyoyin jinin ciki ma da ƙyar ake ganinsu. Wannan karon ba ta ce komai ba sai da ta gama, sannan ta sake juyo da ita. Kamar hazo ya washe: ga jijiyoyi ɓaro-ɓaro, farin ya dushe. Allah ya saka mata da alheri, ya yi wa zuri'arta albarka.

Likitar hanta kuwa, na gode mata da ba ta bar ni na yi saurin guɗa ba. Ta ce sikanin na yau da kullum ya fi iya kama kitse idan ya kai kamar kashi 20 zuwa 30, wanda bai kai haka ba yana iya ɓuya. Kuma ba ya nuna kumburi ko tabon da kitsen ya bari. Gwajin jini ma yakan fito lafiya lau alhali akwai saura. Shi ya sa ta haɗa mini da FibroScan, wanda ke ɗan bugun haƙarƙari ya auna taurin hanta, ba tare da an soka allura an ɗebo tsoka ba. Kitse yakan tafi da wuri bayan tiyata, tabo ne mai nawa. Don haka ba a sallame ni ba tukuna, kuma na fi son haka da a ce mini komai ya wuce.

Ita ce ma ta bayyana mini dalilin ƙauracewa abinci na awa 6 kafin sikanin: so ake matsarmama ta cika a gan ta da kyau, domin ramewa cikin gaggawa na kawo tsakuwa a cikinta. An ɗora ni kan maganin rigakafin haka na wata 6, kuma Allah ya tsare.

Mai tsara mini abinci, mun yi ta kai ruwa rana da ke a mako 2 na kafin tiyata, lokacin da kika takura mini don hantar ta sacce, likita ya iya ɗaga ta ya isa ga tumbi. Bayan tiyata kuma kika hana ni sakat da zancen furotin, kina cewa yunwa ma tana lahanta hanta. Na gode.

Maigida, kai ka riƙe takardun ranakun asibiti, ka jure baƙin raina. Hajiyarmu, addu'arki ba ta faɗi ƙasa ba. Yaya, kin bar gidanki kin kwana a kujera saboda ni. Allah ya biya ku.

Masu aiko mini da magungunan wanke hanta, na san ƙauna ce, na kuma gode, amma ban sha ba. Likita ta hana ni shan duk abin da ba ta gani ba, tunda duk abin da aka haɗiye ta hantar yake bi. Masu cewa tiyata hanyar ragwaye ce, na yafe muku.

Waɗanda suka kira ko suka turo saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri, duk na gani. Akwai wani sikanin ɗin nan da 'yan watanni don a sake auna taurin, ku ci gaba da sa ni a addu'a.