Alhamis a tsibirin Rodos: daga Faliraki zuwa Kiyotari

Muna idar da sallar asuba maigida ya ce a tashi yara, domin duk wanda muka tambaya a masauki magana ɗaya yake yi: in za ku Lindos, ku riga rana, ku riga manyan motocin 'yan yawon buɗe ido. A Faliraki muka sauka, kamar kilomita 14 kudu da birnin Rodos, a nan ƙasar Girka. Bakin ruwansa dogo ne, yashi mai laushi, amma tsakiyar garin ba na masu iyali ba ne. Da dare ya yi titin mashaya yake cika da samari da 'yan mata daga Ingila da sauran ƙasashen Turai, kiɗa har gab da asuba. Da muka fito da motar haya babu kowa a titin sai masu shara. Wata dattijuwa da safar hannu tana wanke ƙofar shago da tiyo, ta tara kofunan roba a gefe. Ta ɗaga wa yaran hannu.

Hanyar gabashin tsibirin muka bi, ta Afandu da Kolimbiya da Arkangelos, itatuwan zaitun dama da hagu, awaki a kan duwatsu. Ana shan wata kwana sai ga Lindos gaba ɗayansa: fararen gidaje manne da gindin dutse, ganuwa a can ƙololuwa, teku shuɗi a ƙasa. Sai da na ce Masha Allah da ƙarfi.

Mota ba ta shiga garin. A waje ake ajiye ta a gangara da ƙafa cikin lunguna masu matsi. Abin da ya tsayar da ni shi ne daɓen tsakar gidajensu. Tsakuwar teku ce, baƙa da fara, aka kafa ɗaya bayan ɗaya a tsaye, aka fitar da zanen furanni da jiragen ruwa. Tsofaffin gidajen na masu jiragen fatauci ne na da. Na durƙusa na shafa, santsi kamar an goge da mai, tsabar takun ƙafa na shekaru.

A bakin hanyar hawa jakuna ne a jere, ana biya su kai mutum sama. Autata ta riƙe mini mayafi tana "Umma, jaki, Umma, jaki." Ban yarda ba. Tun 2018 hukuma ta hana a ɗora musu abin da ya wuce kilo 100, kuma na san masu jakunan abincinsu suke nema, amma matakala ce ta dutse, ga rana, ga hawa da sauka wuni guda. Abbanta ya saɓa ta a wuya muka taka.

Kafin matakala ta ƙarshe akwai hoton jirgin ruwa da aka sassaƙa a jikin dutsen, fiye da shekara dubu biyu ke nan. Ɗan farina ya daɗe a gabansa yana neman inda matuƙi yake zama. A sama, mita 116 daga teku, ginshiƙan wurin bautar Girkawan da suna tsaye cikin ganuwar da mayaƙan Kirista suka ƙarfafa, waɗanda suka riƙe tsibirin daga 1309 har 1522 da Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya karɓe shi. Ta ɗaya gefen ana hango ƙaramin mashigin ruwan da ake kira na Bulus, duwatsu sun kusa rufe shi. Kafin ƙarfe goma wurin ya cika maƙil, zafi ya fara dukan ƙeya, muka sauko.

Ni na matsa mu ƙara yin kudu. A watan Yulin 2023 ina gida a Jamus na ga hotunan gobarar dajin da ta tashi a tsibirin nan, mutane suna jan akwatuna a kan yashi, sama ta yi ja a bayansu, kuma tun da muka sayi tikiti abin yake raina. Bayan Pefkos da Lardos sai launin tudun ya canja. Kututturan itatuwa baƙi ƙirin a tsaye, ciyayi da ƙananan tsirrai sun fara fitowa a ƙarƙashinsu. Wutar daga dazukan tsakiyar tsibirin ta taso ranar 18 ga wata, iska ta koro ta har bakin teku, aka kwashe mutane kusan 19,000 ta mota da jiragen ruwa. Otal-otal ɗin Kiyotari an gyara su, an yi fenti, wanda bai ɗaga kai ya dubi tudu ba ba zai san an yi komai ba.

A wani ƙaramin gidan abinci muka tsaya. Na fara da tambayar da nake yi kullum a nan, domin naman da suke gasawa a tsaye yawancinsa alade ne. Matar gidan, za ta yi sa'ar mahaifiyata, ta dubi mayafina ta ce in kwantar da hankalina. Ta kawo gasasshen kifi, salak da cuku da zaitun, da pitarudiya, wato niƙaƙƙen wake irin nasu da albasa da tumatir da na'ana'a, a soye. Yara suka cinye, aka ƙaro.

Na ce, "Mama, kina nan lokacin wutar?" Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce mutanen ƙauyuka ne suka fito da a-kori-kura suna ɗaukar baƙi, masu kwale-kwale suka zo bakin ruwa, wasu suka buɗe gidajensu. Sai ta ce abin da ya fi tsaya mata ba daren ba ne, makonnin da suka biyo baya ne, tebura a shimfiɗe ba mai zama, ga kifi ta saya, ga albashin ma'aikata. Daga Afrilu zuwa Oktoba suke aiki. Da sanyi ya shigo sai a rufe otal-otal, jirage su ragu, ita ta koma ƙauye tsinkar zaitun. Nan na gane zancenta sarai, domin daminarsu ke nan: abin da aka tara a watannin nan shi za a ci har shekara ta zagayo, kuma wutar a tsakiyar damina ta faɗo.

Saurayin da ke kawo mana abinci ɗan Albaniya ne. Maigida ya tambaye shi yaushe yake hutu, ya ce sai Nuwamba. Kullum yana kallon tekun nan, ya ce, amma rabonsa da shiga ya manta. Tun daga lokacin na kasa daina lura da su: mai gyaran gado, mai jan laima, mai wanke kwanuka a bayan kicin cikin wannan zafi. Mu mun zo hutawa da kuɗin da muka tara, kuma halal ɗinmu ne, amma ba na son yarana su tashi suna wuce irin waɗannan mutane ba gaisuwa. Da za mu tafi matar ta ba su melekuni, alewar riɗi da zuma da suke rabawa a bikin aure. Na sa kowannensu ya je ya yi godiya da bakinsa.

A hanyar dawowa muka ratse Tsambika. Muka haɗa azahar da la'asar a gefen mota, sannan muka sauka. Wannan shi ne bakin ruwan da zan nuna wa duk mai ƙananan yara: yashi zalla, ruwa marar zurfi, ba igiya mai ƙarfi, domin iskar bazara gefen yamma take duka, can wajen Iksiya da Iyalisos. Gadajen haya da laima sun cinye wuri da yawa, kuma da tsada, duk da dokar 2024 da ta ce a bar yawancin bakin ruwa ga jama'a kyauta. Muka yi gaba kaɗan muka shimfiɗa zanenmu. Na shiga ruwa da kayan ninƙayata masu rufe jiki, ba wanda ya ko waiwaye ni.

A kan dutsen da ke saman wurin akwai ƙaramar majami'a, matakala wajen ɗari uku, inda matan da ke neman haihuwa suke hawa su yi roƙo. Addininmu daban, amma na san wannan damuwar a cikin danginmu, na kuma yi wa tawa 'yar'uwar addu'a daga inda nake zaune.

Mun shigo Faliraki bayan magariba, kiɗa ya fara. Mun yanke da maigida cewa in Allah ya sake kawo mu, Pefkos ko Kolimbiya za mu sauka. Gobe Juma'a, zai tafi da ɗan farinmu masallacin Ibrahim Fasha a tsohon birni. Har yanzu akwai Musulmi 'yan asalin tsibirin, domin lokacin musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 Rodos tana hannun Italiya, abin bai shafe su ba. Ni da auta za mu jira su a bakin tashar jiragen ruwa ta Mandraki. Sai na wanke yashin da ke kanta kafin ta yi barci.