Abin da ɗinkin kilt ya koya min game da ƙugu

Telan da ya tashi a kan ɗinkin wando irin namu ba ya fargabar ƙugu. Ka yanka da yalwa, ka yi ƙubaka, ka zura zariya, mai wando ya ja daidai cikinsa. Ya rame ko ya yi ƙiba, wandon na nan. Kilt, tufar nan ta mazan Sikotland da ke tsayawa a gwiwa, ba ta yarda da wannan dabara ko kaɗan, amma kuma mai ita yana so ta bi shi shekara da shekaru. Tun da na fara ɗinka ta a gida, babu abin da ya fi cin tunanina kamar wannan.

Dalilin son ta daɗe ba ɓoyayye ba ne. Kilt na gargajiya yana cin kimanin yadi 8 na ulu mai nauyi, irin mai ratsi a tsaye da a kwance da suke kira tartan, kuma akasarin ɗinkinsa da hannu ake yi. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Saurayi zai saye shi don bikin aure ko ranar yaye ɗalibai, ya sa ran zai sake sa shi bayan shekara ashirin, wani ma ya bar wa ɗansa. Ciki kuwa ba ya jiran kowa.

Kakanninsu ba su da wannan matsala. Tsohon kilt na ƙarni na 16 dogon ƙyalle ne kawai, mutum ya ninke tsakiyarsa da hannu, ya ɗaure da bel, ragowar ya yafa a kafaɗa. Kullum sabon awo yake yi wa kansa. A ƙarni na 18 ne aka raba na ƙasan daban. Bayan yaƙin Culloden a 1746, inda aka murƙushe ƴan tawaye a Sikotland, gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mutanen tsaunukan ƙasar wannan shiga, ba a ɗage dokar ba sai 1782, amma ba ta shafi sojojin sarki ba, kuma wajen ƙarshen ƙarnin aka soma ɗinke ninkin ya zauna dindindin. Daga nan tufar ta samu kyan tsari, sai dai awon mutum ɗaya ya shiga cikinta ya zauna.

Ga yadda take. Baya duk ninki ne, ɗaya kan ɗaya. Gaba kuwa shimfiɗaɗɗun fannoni biyu ne, na ciki da na waje, ɗaya ya hau kan ɗaya. Ana ɗaura ta sama, wajen cibiya, sama da inda ake ɗaura wando. Daga ƙugu zuwa inda kwatangwalo ya fi faɗi ana ɗinke kowane ninki, daga nan zuwa gwiwa a sake shi ya riƙa kaɗawa. A ɗinkakken wurin nan ne surar mutum take. A ce ƙugunsa inci 34 ne, kwatangwalo 40. Rabin kowanne na baya ne, wato 17 a sama, 20 a ƙasa. Bambancin inci 3 sai ka raba shi a kan ninki 24, kowanne ya tsuke da kashi ɗaya cikin takwas na inci yayin da yake hawa. Da alli da fil ake binsu ɗaya bayan ɗaya, ido na kan ratsin don kada ya karkace. Bayan haka a yanke tulin ƙyallen da ke ciki don kada baya ya yi tudu, a ɗora yadi mai tauri, a rufe da shafi. In almakashi ya ratsa wurin nan, magana ta ƙare, baya ba zai ƙara buɗewa ba.

Saboda haka duk wani sassauci a gaba yake, inda fannonin biyu suka haɗu. Fannin ciki yana da maɗaurin fata da ke fita ta wata ƴar kafa a gefen hagu ya shiga kan bel, wato ƙarfen da ke riƙe maɗaurin. Fannin waje yana da nasa, ɗaya ko biyu, a dama. Mai kallo daga waje zai ce ai sai a tsawaita maɗauran a ƙara huji, shi ke nan. Ba haka ba ne. Fannin waje yana da ratsin tsakiya da dole ya sauka a kan cibiya. In aka sassauta dama kaɗai, ratsin ya gudu hagu, ninkin baya ya juyo gefe, tufar ta zama kamar ta aro. In aka sassauta da yawa, fannin ciki ya leƙo ta dama. Abin da maɗauri zai iya bayarwa ba tare da ɓata tsari ba bai wuce kimanin inci 2 ba, kuma sai an raba shi daidai tsakanin hagu da dama.

Sauran aikin tun a teburin yanka ake yin sa. Ina auna mutum yana tsaye yadda ya saba, ba ya haɗiye ciki, in sa awonsa na yau ya faɗa a hujin tsakiya, don ya samu wurin matsewa da wurin sakewa. Fannin ciki ina ba shi faɗi fiye da buƙatar yau. A bakin kowane fanni ina naɗe ragowar ƙyalle ciki maimakon in yanke, ninkin farko da na ƙarshe kuma in zurfafa su, don nan ne telan da zai gyara nan gaba zai ciro abin da yake nema. Kan bel ɗin da hannu nake ɗinka shi a kan ɗan ƙyalle, da zare mai ƙarfi, ta yadda za a iya warware shi a matsar ba tare da an raunata ulun ba. Duk wannan yana ƙara kusan rabin yadi da mai kaya ba zai gani ba, kuma wani lokaci sai na zauna na yi masa bayani kafin ya yarda ya biya.

Na yara daban ne, kuma a nan ina sassauta ra'ayi. Yaro yana girma ta ko'ina, don haka ba na jin nauyin sa roba mai huji-huji da maɓalli a cikin ƙugun baya. Kilt na manya ba a yi masa kalmasa, bakin yadin na asali shi ne ƙasansa, amma na yaro ina yi masa kalmasa mai zurfi don a sauke in ya ƙara tsawo. Ga babba kuwa ban yarda da roba ba. Ulu mai wannan nauyi yana rinjayar ta, baya ya zazzago, ninkin ya buɗe baki.

Wani abu da ban san shi ba a ɗinkin kaftani shi ne gwaji kafin yanka ciki. Ina riƙe ninkin da dogon ɗinki na wucin gadi, in kira mai kaya ya ɗaura, ya zauna a kujera, ya sunkuya, ya taka matakala. In zai yiwu ina so ya zo bayan ya ci abinci. Sai na ga ratsin tsakiya bai bar cibiya ba a hujin farko da na ƙarshe, sannan nake ɗaukar almakashi, in yi guga da jiƙaƙƙen ƙyalle a kan ulun, in bar shi ya huce a shimfiɗe kafin in ɗaga.