Fenti Ba Ya Rufa Asiri

Ranar da na fesa wa jitar lantarkin da nake ƙerawa banish na farko, na ɗauke ta zuwa bakin taga don in ga ƙyallinta, sai ga wasu siraran layuka sun bayyana a bayanta, a gicciye, kamar yaƙushin kyanwa. Kafin fesawar na shafa wurin da tafin hannu, na ji shi sumul. Ashe suna nan tun makonni biyu baya, ranar da guga ta gundure ni, na tsallake daga samfefa mai kaushi, mai lamba 120, zuwa mai laushi, mai 320, na ce ai ta 220 ba dole ba ce. Katakon ya yi shiru da maganar. Banish ne ya tona.

Na daɗe ina kaɗa jita kafin tunanin ƙera tawa ya zo mini. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne tarihin Leo Fender. Mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba, amma a 1950 ya fito da wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster: faifan katako guda, da wuya da aka ɗaure masa da sukuru huɗu. Idan wuyan ya lalace, a kwance a sa wani. Kamfanin Gibson kuwa, a jitarsa Les Paul ta 1952, manna wuyan yake yi da gam, a jikin mahogani, ɗan'uwan maɗacin nan, da aka yi wa rufi da katakon mefil. Wannan aikin gwanaye ne. Ni na bi hanyar Fender, don mai koyo yana bukatar abin da zai iya kwancewa.

Tsorona duka a kan wayoyi yake, da maganaɗisu, da liƙi da dalma. Katako kuwa na ɗauka wasa ne, tunda na taɓa haɗa teburi da kantar ajiye kaya. Abin ya zo mini a juye.

Teburi yana yafe kuskuren milimita biyu. Jita ba ta yafewa, domin lissafi ce da aka sassaƙa a itace. Tsawon tsirkiya daga ƙashin da ke bakin wuya zuwa jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, a tsarin Fender, inci 25.5 ne, wato milimita 648. Daga wannan adadi ake fitar da mazaunin kowane firet, siraran ƙarafan nan da ke jere a kan wuya. Ka raba 648 da 17.817, ka sami milimita 36 da ɗoriya, nan ne firet na farko. Ka cire wannan daga tsawon, ka sake raba abin da ya rage, nan ne na biyu, haka har ƙarshe. Na 12 dole ya faɗi daidai tsakiya, a milimita 324. Idan ɗaya ya goce, wannan muryar ta goce ke nan har abada, duk yadda ka murɗa maɗaurin tsirkiya. Na kwana uku ina auna ramukan firet kafin in sa zarto, kuma ban yi nadamar kwanakin nan ba.

Inda na faɗi shi ne wurin da ban zata ba. Akwai layin tsakiya da ake ja da fensir tun daga kan wuya har gindin jita, komai da komai daga gare shi ake aunawa. Na fafe gurbin wuya, zurfin milimita 16, na ga ya yi kyau, sai zumuɗi ya kwashe ni na huda ramukan jaki bisa ga zanen takarda, ban tsaya na ɗaura wuyan na gani ba. Da na haɗa komai don gwaji, sai tsirkiyar ƙarshe, siririyar, ta riƙa tafiya a gefen wuya kamar mai shirin faɗawa rami. Da ka danna ta sai ta zame. Gurbin ya karkace da abin da ido ba ya gani, amma ƙaramar karkata a gindin wuya, kafin ta kai jaki ta zama babba.

Na toshe ramukan da guntayen katako da gam, na bari suka kwana. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na ɗaure wuyan, na ja zare biyu daga bakin wuya, ɗaya a mazaunin tsirkiyar farko, ɗaya a na ta shida, na riƙa matsar da jaki har tazarar gefe da gefe ta zo daidai. A nan na huda. Tun daga ranar nake bin wuyan da ke hannuna, takarda kuwa shawara kawai take bayarwa.

Sai maganar fenti, wadda ita ce ta cinye rabin lokacin aikin, kuma ita ce ta fi koya mini.

Layukan nan da na gani a bakin taga ba su da magani sai komawa baya. Na yi ta ba kaina haƙuri cewa shafi na biyu da na uku za su cike su. Ba sa cikewa, sai ma su ƙara fitowa, don ƙyalli yana kama haske, haske kuma yana bin kowane kwari. Na kankare banish ɗin gaba ɗaya, na koma kan 120, na bi 220, na bi 320, kullum ina bin hanyar zaren katako, ban gicciya ba. Na koyi wata dabara mai sauƙi: ka yi zane-zane da fensir a duk fuskar, ka goge har zanen ya ɓace ko'ina, sannan ka wuce lamba ta gaba. Inda fensir ya rage, wurin ya lotsa. Kafin fesawa kuma ka shafa tsumma mai ɗan damshi, ka haska fitila daga gefe. Abin da banish zai nuna maka gobe, damshi zai nuna maka yau.

Jikin jitar tawa katakon ash ne, mai buɗaɗɗun ƙofofin zare kamar mahogani. Irin wannan sai an cike ƙofofin da wani kwaɓi na musamman, an goge, in ba haka ba banish zai yi ta nitsewa ciki, fuskar ta fito da ƙananan ramuka kamar bawon lemo. Mefil da alda ba su da wannan fitina.

Banish ɗin da na yi amfani da shi naitiroselulos ne, irin wanda masu fentin mota suka yi yayi, Fender ma daga launukan motoci na kamfanin DuPont ya ɗauko wasu launukansa. Yana kama wuta da sauri, tururinsa kuma guba ne, don haka takunkumi mai tace iska da wuri mai buɗaɗɗiyar iska ba abin wasa ba ne, kuma kada a kusanci wuta. Shafi siriri ake yi, a jira, a ƙara. Ka cika hannu, ya zubo kamar hawaye. Ka fesa ranar da iska ke da laima, ya yi fari-fari kamar an zuba madara, domin damshi ya maƙale a ƙarƙashinsa.

Bayan shafin ƙarshe sai jira, mako uku zuwa huɗu, kafin a taɓa. Wannan ne ya fi mini wuya a duk aikin. Jitar tana rataye, ga ta nan kamar ta gamu, hannu yana ƙaiƙayi. A kwana na tara na sauke ta, na kwantar a kan tawul don in gwada zaman murfin wayoyi, na bar ta nan har safe. Da na ɗaga, saƙar tawul ɗin ta zauna raɗam a bayanta. Sama ta bushe, ciki ɗanye ne. An ce sauri ya haifi nawa: kwanakin da na so in rage sun dawo mini wata guda cur, da sabuwar guga da sabon shafi. A karo na biyu na jira. Na riƙa kai hanci kusa da ita, muddin wari yana fita, ban taɓa ba. Sannan guga da ruwa, daga 800 har 2000, da sassauta hannu a gefuna, don a nan banish ya fi sirantaka, kuma shafa biyu ta wuce ƙima sai ka ga katako tsirara.

Wayoyin da nake tsoro kuwa, yamma ɗaya suka ci. Maɗaukin sauti ba wani sihiri ba ne: maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi, zagaye wajen 8,000. Tsirkiyar ƙarfe tana karkarwa a samansa, sai ƴar wutar lantarki ta taso, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Kuskurena ɗaya, na manta wayar da ke haɗa jaki da layin ƙasa, jitar ta yi ta gurnani ko na dafa tsirkiya. Minti goma na gyara.

Daidaita wuya ya ɗan ɗauki lokaci. Tsirkiyoyi shida suna jan sa da nauyin da ya haura kilo 40, sandar ƙarfen da ke cikinsa ce ke ja da baya. Rubu'in murɗi ake yi mata, a bar katako ya huta, a sake dubawa, har a sami ɗan lanƙwasa kamar kaurin kati. Daga nan a matsar da kowane mazaunin tsirkiya a kan jaki, gaba ko baya, har muryar firet na 12 ta yi daidai da ta sakakkiyar tsirkiya, sai dai ta fi ta tashi sama.

Da na kaɗa ta karon farko na ji karkarwar a haƙarƙarina kafin ta fito daga lasifika, na daɗe zaune ban ce komai ba. A ƙarƙashin jaki har yanzu toshiyar ramukan farko tana nan, kuma kusa da inda ake maƙala igiyar ratayawa akwai wani wuri kamar ƙwayar gero da na goge har katako ya leƙo. Na bar shi.

Yanzu jikin ta biyu yana rataye a ɗakin aiki. Na rubuta ranar shafin ƙarshe da fensir a cikin gurbin wuya, inda ba za a gani ba. Yau kwana 19. Da safe na kai hanci, da sauran wari.