Ƙarar hanci aka kawo, haɓa aka kama

Da na fara aiki a wani asibitin fata a Jidda, shekara shida da suka wuce, na ɗauka riƙon sirinji zan koya. Ashe a wurinmu allurar fuska ta likita ce ita kaɗai. Nawa shi ne in goge fuska, in shafa man kashe zafi, in ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, in buɗe kwalin magani a gaban mai shi ta ga hatimi da ranar lalacewa da idonta. Sai aikin da babu shi a takardar kwantiragina: tafinta. Likitarmu 'yar Sham ce, ba ta jin ko "sannu". Masu zuwa kuwa akwai namu da yawa, daga 'yan Makka waɗanda kakanninsu suka tako ta Sudan suka zo Hajji suka zauna, har Hajiyoyin Kano da Sakkwato da Yamai masu haɗa Umra da sari. 'Yan Makkan Larabci ya zauna a bakinsu, amma in magana ta zo kan abin da ake jin kunya, sai ka ji an juyo wajena da Hausa.

Wata uwa ta kawo 'yarta daga Shara Mansur ta Makka, saura wata biyu biki. Yarinyar ta miƙo min waya, hotonta ne da Snapchat ya gyara. "Sista, irin wannan hancin nake so." Uwar ta ce, "Ni dai 'yar nan, a yi mata abin da dangin miji ba za su ce an yi ba." Likita ba ta ko dubi wayar ba. Ta juya yarinyar gefe, ta ɗauki tsinken auduga ta ɗora daga kan hanci zuwa haɓa, ta ce in riƙe madubi. Haɓar ta koma baya sosai, shi ya sa hanci da leɓe suka yi kamar sun turo gaba. Ta ce in gaya musu fila, wato abin da ake zubawa ƙarƙashin fata da allura don cike wuri, ƙari take yi, ba ta ragewa. Wadda muke amfani da ita ta sinadarin hayaluronik ce, wani abu mai yauƙi mai riƙe ruwa wanda jikin mutum ma yana yin irinsa. In aka zuba shi a karan hanci mai faɗi yana iya bajewa daga baya, hancin ya ƙara faɗi.

Sirinji ɗaya aka yi mata a haɓa. Mililita ɗaya ke nan, kashi ɗaya cikin biyar na cokalin shayi. Ta tafi tana kumbure-kumbure, don a ganinta ba a yi abin da ta zo nema ba. Bayan mako biyu ta dawo ta ce ƙawayenta suna ta tambaya ko azumi take yi, ta rame ta yi kyau. Ba wanda ya ambaci haɓa, ita kuma ba ta sake ambatar hanci ba.

Tun daga ranar na fara lura cewa inda mace ta ɗora yatsa a madubi da wuya ya zama nan ne matsalar. Mai kukan layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa baki, sau da yawa kumatu ne suka zube daga sama, don kitsen fuska yana raguwa yana sauka da shekaru, ƙashi ma yana janyewa. In aka cika layin kawai, baki ya yi nauyi kamar mai tauna goro.

Akwai ma'aunin da ake koyarwa. A tsaye fuska kashi uku ce: daga gaban gashi zuwa gira, daga gira zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa ƙarshen haɓa. A kwance kashi biyar, kowane kashi faɗin ido ɗaya. Na haddace shi kamar karatun allo kafin in san daga hannun masu zanen Turai irin su Leonardo da Vinci ya fito, kuma da wani likita a Kanada, Leslie Farkas, ya bi mutane da ma'auni, ya tarar ko a cikin Turawan kaɗan ne suka dace da shi. Leɓe ma haka. Littafi ya ce na ƙasa ya fi na sama da kamar 1.6 bisa 1, alhali a yawancinmu baƙar fata kusan kai ɗaya suke, kuma a cike Allah ya ba mu su.

Nan ne na kama kaina da laifi. A Kano na tashi, inda in za a yabi yarinya sai a ce fara ce doguwa, hanci har baka, kamar Balarabiya. Wannan yabon yana kunnena ban sani ba. In likita ta ce, "Hancinki ya dace da fuskarki, ba ya son komai," sai in fassara da sanyin murya, har in ƙara da "amma dai in kina so". Ita ta gane, ko da ba ta jin yaren, don ta ga maganarta gajera ce tawa doguwa. Ta tambaye ni me nake ƙarawa. Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi in dubi matan da ke zaune a ɗakin jira in nuna mata guda ɗaya da hancin Balarabiya zai zauna a fuskarta ba a ce aro ne ba. Na duba, ban nuna kowa ba.

Botox daban ne da fila, ko da yake mutanenmu duka "allura" suke ce musu. Shi ba ya cika komai. Dafin wata ƙwayar cuta ne da aka tace, ana sa ɗan mitsitsi ya hana jijiya isar da saƙo ga tsoka, sai tsokar ta saki, tamojin da take yi ya kwanta. A 2002 Amurka ta amince da shi don layin tsakanin gira. Yana fara aiki bayan 'yan kwanaki, ya cika a mako biyu, ya tafi bayan wata uku zuwa huɗu. A garin da mata da yawa ke sa niƙabi, ido da gira su ne fuskar da ake fita da ita, don haka kuskure kaɗan a goshi ba ya ɓuya: gira ta yi nauyi, ko fatar ido ɗaya ta sauko, sai a yi makonni ana jira. Wadda ta matsa a daskarar mata da goshi gaba ɗaya nakan ce mata, "Hajiya, an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, da me za ki tarbi baƙi?"

Darasin da ya fi tsaya min a rai ta waya ya zo. Wata baiwar Allah da na sani a wajen biki ta turo min hoto ta WhatsApp da daddare. Wata mata ce mai bi gida-gida da jaka ta yi mata fila a gefen hanci, da araha. Ta ce wurin yana mata zafi. Na buɗe hoton, na ga ɗan duhu, na ce mata taruwar jini ce, ta sa ƙanƙara ta kwanta. Abin da na karanta shi ne in fila ta toshe jijiyar jini fata takan yi fari fat, kuma duk hotunan littafin na fararen fata ne. A fatarmu ba haka yake fitowa ba. Toka-toka yake yi, ko ya yi duhu mai dabbare-dabbare kamar raga, wurin ya yi sanyi, zafin kuma ya fi ƙarfin huda ɗaya ta allura.

Allah ya sa ban iya barci ba, na tura wa likita hoton. Ta kira ni a take, muryarta ban taɓa jin irinta ba. Kafin asuba matar tana kan gadonmu ana yi mata allurar hayaluronidas, maganin da ke narkar da irin wannan filar, ana maimaitawa ana danna fatar a ga ko jini yana dawowa. Ya dawo, amma ta tsira da tabo a gefen hanci. Da wani abu aka zuba mata wanda ba ya narkewa, irin silikon, da babu abin da za mu iya yi a daren. Kuma jijiyoyin jini na hanci da tsakanin gira suna haɗe da ta ido. An samu waɗanda suka makance ta wannan hanya, garin neman gira a rasa ido ba karin magana ba ne a ɗakin da nake aiki. Yanzu kowa ta turo min hoto, tambayata ta farko ita ce zafin yaya yake, ta biyu kuma me aka zuba, kin ga kwalin?

Shi ya sa muke ɓatawa da Hajiyoyin Umra. Sai jirgi ya rage kwana ɗaya Hajiya za ta shigo da jakunkunan tsaraba, a yi mata kumatu da leɓe yau gobe ta sauka Kano. Likita ba ta yarda. Kumburi yana ɗaukar kwanaki, aikin sai bayan mako biyu ake ganin gaskiyarsa, in kuma wani abu ya taso wa zai narkar mata? Fatarmu ma ga ta da riƙo, kowace huda tana iya barin baƙin tabo, mai jikin da tabo ke tsirowa kuwa sai an yi tambaya tukuna. Wasu su yi fushi su tafi wani wurin, ban hana ba.

Tambayar da ba a yi wa likita sai ni ita ce, "Sista, ya halatta?" Ni ba malama ba ce, nakan faɗi iyakar abin da na sani. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta bambanta gyaran aibi da maido da abin da ya lalace daga canza lafiyayyar halitta don son rai ko kwaikwayo. Wane ɓangare allurarki ta faɗa, wannan ki kai wa malaminki. Wasu sukan tafi su tambayo, ba duka ke dawowa ba.

Makon jiya wata dattijuwa ta zo, haifaffiyar Gobir, ta fi shekara arba'in a Makka. Jikarta ce ta kawo ta wai kowa na cewa kullum kamar ranta a ɓace. Likita ta ga tsagar da ke kumatunta, ta ce in gaya mata akwai na'urar leza da za ta iya rage su. Wannan karon na fassara daidai, ban ƙara ban rage ba. Tsohuwar ta shafa kuncinta ta ce, "Ɗiyata, gaya mata wannan aikin wanzamin gidanmu ne, da shi 'yan garinmu ke gane ni a Harami. Ta bar min kayana." Aka yi mata ɗigo kaɗan na Botox a tsakanin gira. Ta karɓi madubi ta juya hagu ta juya dama, ta ce ita ba ta ga komai ba. Na ce, "Inna, sai bayan mako biyu." Ta ce to Allah ya kai mu, ta sa jikar ta rubuta ranar a waya.