Abin da Ya Biyo Bayan Cire Mahaifar Yayata

Yayata tana da shekara 42 lokacin da aka yanke shawarar cire mata mahaifa, bayan ƙarin da ya tsiro mata a mahaifar ya sa jinin al'ada yana zuba kwana goma ko fiye, har ta kai ba ta iya hawa matakala sai ta tsaya ta huta. Ni na yi jinyarta, kuma a gabana ta sa hannu a takardar amincewa, amma babu ɗayarmu da ta tambaya ko mahaifar kaɗai za a cire ko har da ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefenta.

Haɗarin tiyatar kanta dai an yi mana bayaninsa. Akwai zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta wurin ɗinki, da yiwuwar a ji wa mafitsara ko hanji ko bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda rauni, domin duk maƙwabtan mahaifa ne. Akwai kuma daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda gudansa kan iya tafiya huhu, shi ya sa washegarin aikin ma'aikaciyar jinya ta matsa mata ta tashi ta taka, tana dafe da ciki tana cije leɓe. Da yake ta ciki aka yanka, sai da ta yi kusan mako takwas kafin ta koma harkokinta.

Abin da ya zo mana ba zato ya fara ne cikin makonnin farko. Tsakar dare zafi zai taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa matashi, barci ya ƙaurace, ga saurin fushi da ba halinta ba. Sai a lokacin muka fahimci cewa rashin estrojin ne, wato sinadarin da ke daidaita al'adar mace, wanda ba mahaifa ce ke samar da shi ba, ma'ajiyar ƙwai ce, kuma an haɗa da ita an cire. Abin da jikin mace kan yi a hankali wajen shekara 50, wato lokacin ɗaukewar al'ada, ya auko mata rana ɗaya. Rashin wannan sinadari da wuri yana rage ƙarfin ƙashi, yana ƙara haɗarin ciwon zuciya, yana kuma kawo bushewar gaba, matsalar da mata da yawa ke jin nauyin faɗa ko ga likita. Ko an bar ma'ajiyar ƙwan ma, takan iya daina aiki kafin lokacinta.

Ban ga laifin tiyatar ba, domin idan sankara ce, ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, rai ake ceto. Amma a kan ƙari, a ganina ya kamata mace ta ji sauran hanyoyi tukuna, kamar cire ƙarin kaɗai a bar mahaifar, ko toshe jijiyoyin da ke kai masa jini, musamman idan tana da sauran burin haihuwa, tunda mahaifa idan ta fita ba ta dawowa.

Da muka koma asibiti, likitar ta duba tarihin lafiyarta, ta ɗora ta a kan maganin estrojin shi kaɗai, wanda yawanci shi ake ba macen da ba ta da mahaifa. Zafin daren ya lafa bayan 'yan makonni. Ta kuma shaida mana cewa an bar bakin mahaifar, saboda haka gwajin sankararsa yana nan a kanta kamar kowace mace.