Kafin ku shiga ƙauyukan Sin da takardar tambayoyi

Ƙannena masu aikin auna tasirin ayyukan raya karkara, idan aiki ya haɗa ku da Turawa zuwa ƙasar Sin, ku lura da wanda ke zaune a ɗaki lokacin da manomi ke ba ku amsa.

A wani ƙauyen 'yan ƙabilar Miao da ke lardin Guizhou, mun bi gida-gida muna tambaya kan aikin ruwan sha, kowa sai yabo. Sakataren jam'iyya mai mulki na ƙauyen ne ya yi mana jagora, tafintanmu kuma ma'aikacin gunduma ne. Tsofaffi da yawa harshen Miao kaɗai suke ji sosai, saboda haka duk maganarsu sai ta bi ta bakin hukuma kafin ta iso kunnenmu. Na rubuta a rahoto cewa jama'a sun gamsu, alhali kara suka yi wa mai gari da baƙinsa. Wa zai kushe aiki a gaban wanda gobe zai je neman sa hannunsa? Ku nemi tafinta da ba ya cin albashin gunduma, ku koma gidajen bayan an gama rakiya.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. Majiya ƙarfi suna masana'antun lardunan Guangdong da Zhejiang, an bar kakanni da jikoki. Sai lokacin Bikin Bazara, wato sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, gida ke cika.

Wautar da ta fi cina ita ce ta ranar taro. Shugaban tawagarmu Bature ya ce a faɗi gaskiya tsirara, ni kuwa na miƙe na lissafa famfunan da suka mutu a gaban jami'in da ke kula da aikin da ƙananan ma'aikatansa. Ya yi murmushi, ya gode. Daga ranar duk takardar da muka nema sai a ce “za mu duba”. Da a teburin abinci na faɗa masa, mu biyu, da wataƙila shi da kansa zai kawo maganar a taro, har da hanyar gyara. Kada ku guje wa liyafa don tsoron giya. Ku sanar da mai masauki tun da wuri, za a karɓi shayi.

Tun 1 ga Janairu 2017, doka ta wajabta wa ƙungiyoyi masu zaman kansu na ƙetare yin rajista da hukumar tsaron jama'a, ko aiki ta hannun abokin hulɗa na cikin gida. Duk abin da kuka rubuta, wannan abokin ne zai amsa tambaya a kansa bayan jirginku ya tashi, don haka ku nuna masa rahoton kafin ya fita.